Bin Diddigin Haɗarin Gobarar Daji a Kazaure, Babura, Roni da Gwiwa

Gabatarwa

An tanadi wannan bayani ne domin amfanin manoma da makiyaya, da masu unguwanni da dagatai da hakimai, da kuma jami'an sassan aikin gona da gandun daji na ƙananan hukumomin Kazaure, Babura, Roni da Gwiwa, waɗanda ke arewa maso yammacin Jihar Jigawa. Manufarsa ita ce fayyace yadda ake gane ranakun da gobarar daji ta fi saurin tashi da yaɗuwa, ta hanyar lura da abubuwa biyu: danshin da ya rage a jikin ciyawa da kara, da kuma alƙaluman da tasoshin auna yanayi ke bayarwa game da zafi da iska da laimar da ke cikinta.

A wannan yanki kusan duk wata gobarar daji daga hannun mutum take tasowa, domin a watannin rani babu hadari balle tsawa. Akwai masu farautar gafiya da zomo da ke cinna wa ciyawa wuta, da masu cirar zuma, da masu gawayi, da matafiyin da ya yar da guntun taba, da yaran da suka hura wutar jin ɗumi suka tafi suka bar ta. Sai dai ko wutar za ta mutu a inda ta tashi, ko kuwa za ta cinye amfanin gonaki goma kafin la'asar, halin da ciyawa take ciki da yanayin wannan rana su ne ke yanke hukunci. Dukkansu biyu kuwa ana iya auna su.

Yanayin ƙasar

Kazaure da Roni da Gwiwa, tare da 'Yankwashi, su ne suka haɗa Masarautar Kazaure, ita kuwa Babura tana cikin Masarautar Ringim. Ƙasar Kazaure da Roni tana da duwatsu da tuddai, yayin da ta Babura ta fi zama shimfiɗaɗɗiyar jigawa mai rairayi. Damina kan kankama a watan Yuni, ta ɗauke a ƙarshen Satumba ko farkon Oktoba, daga nan sai a yi kimanin wata bakwai ba a ga ruwan kirki ba.

Mafi yawan ƙasar gonaki ne, saboda haka babu irin ƙungurmin dajin da kan yi makonni yana ci da wuta a wasu ƙasashe. Wuraren da wuta ke samun abin ci a nan su ne makiyaya da burtali, da gindin duwatsu da kwazazzabai inda garma ba ta shiga, da gandun daji da layukan itatuwan da aka dasa domin tare hamada, sannan gonakin da aka girbe amma ba a kwashe ba. Wannan na ƙarshe shi ne ya fi taɓa aljihun talaka, domin a nan ne ake samun dammunan gero da dawa, da riɗin da aka jingine yana bushewa, da harawar wake da ta gyaɗa, da tarin kara.

Danshin ciyawa da yadda ake auna shi

Kafin ciyawa ta kama da wuta, tilas sai zafin wutar ya fara ƙone ruwan da ke jikinta. Idan ruwan yana da yawa, ƙarfin wutar kan ƙare a nan, ta yi hayaƙi ta mutu. Wannan ne dalilin da ya sa masana suka ɗauki danshin abin da wuta ke ci a matsayin ma'auni na farko.

Hanyar awon ba ta da wuya. Ana yanko ciyawa a ɗora a sikeli nan take a rubuta nauyinta, sannan a busar da ita a tanderun lantarki irin na ɗakin gwaje-gwaje, a zafin da ya kai digiri 100 zuwa 105, na tsawon awa 24, a sake aunawa. Sai a cire busasshen nauyi daga na farko, a raba abin da ya rage da busasshen nauyin, a ninka sau 100. Alal misali, ciyawar da ta yi giram 110 a gona, ta dawo giram 100 bayan busarwa, danshinta kashi 10 ne cikin 100. Ɗanyar ciyawar watan Agusta kuwa tana iya yin giram 300 ta dawo giram 100, wato danshinta kashi 200 ke nan. Kada mai karatu ya yi mamakin ganin adadin ya wuce 100, domin da busasshen nauyi ake kwatanta ruwan.

Ya kamata a bambanta ciyawa mai rai da matacciya. Mai rai daga ƙasa take shan ruwa ta saiwarta, saboda haka a hankali take bushewa, cikin makonni. Matacciya kuwa ta zama tamkar tsumman da aka shanya: idan iska tana da laima ta tsotsa, idan iska ta bushe ta saki. Tsarin auna haɗarin gobara na ƙasar Amurka, wanda aka fara aiki da shi a 1972, ya kasa matattun tsirrai gwargwadon kaurinsu da kuma saurin da suke bin yanayi. Duk abin da kaurinsa bai kai milimita 6 ba, kamar ciyawa da busasshen ganye da shuci, yana cikin ajin awa 1. Daga milimita 6 zuwa 25, inda kaurin karan dawa da ƙirare ya faɗa, ajin awa 10 ne. Rassan da suka fi haka kauri suna ajin awa 100, gungume kuma awa 1,000. Ma'anar wannan ga manomi ita ce, ciyawar da ta ƙi kamawa da asuba saboda raɓa, tana iya kamawa kamar an zuba mata kananzir da azahar ɗin wannan rana.

Gwaje-gwajen da aka yi a ƙasashe daban-daban sun nuna cewa matacciyar ciyawa da danshinta ya haura kashi 20 da wuya wuta ta yi tafiya a cikinta. Idan ya sauko ƙasa da kashi 10 wuta na tafiya sosai, idan kuwa ya kai kashi 5 ko 6, tartsatsi ɗaya ya isa. Akwai wani ƙiyasi da masu kashe gobarar daji ke amfani da shi idan babu sikeli: a raba laimar iska gida 5, abin da ya fito shi ne kusan danshin busasshiyar ciyawa. Idan laimar iska kashi 20 ce, to ciyawa tana wajen kashi 4.

A ƙauyen da babu tanderu ko sikeli, hannu da ido sun wadatar ga aikin yau da kullum. A damƙi ciyawar a murza. Idan ta lanƙwashe ba ta karye ba, da sauran danshi. Idan ta karye da ƙara, ta bar gari a tafin hannu, to ta kai matakin haɗari. Ana kuma duban fili a ƙiyasta kashi nawa ne na ciyawar ya mutu ya yi fari, kashi nawa ne har yanzu kore. A ƙasar Ostareliya, inda Alan McArthur ya fito da ma'aunin haɗarin gobarar ciyawa a 1966, wannan ƙiyasi na ido yana cikin ginshiƙan lissafinsu. Abin da suka lura da shi shi ne, muddin rabin ciyawar kore ce, wuta ba ta cika yin nisa ba, amma da zarar matacciyar ta haura kashi 70 zuwa 80, gudunta kan ƙaru ƙwarai da gaske.

A nan akwai abin da ya shafe mu kai tsaye. Mafi yawan ciyawar wannan yanki, kamar ƙarangiya da burburwa da kyasuwa da guɗe-guɗe, 'yar shekara ɗaya ce: ta tsiro da damina, ta zubar da iri, ta mutu. Ba ta ɗaukar lokaci wajen bushewa, musamman a jigawa, inda cikin 'yan makonni bayan ruwan ƙarshe fili kan koma fari. Gamba, wadda saiwarta ke rayuwa shekara da shekaru, ita ce kan jima da ɗanyenta, haka ma ciyawar bakin fadama. Masu cewa ƙona daji yana fito da sabon toho ga dabbobi, maganarsu ta fi dacewa da kudancin Kaduna da Jihar Neja, inda ciyawa mai daɗewa ta fi yawa kuma ƙasa ke riƙe danshi. A makiyayar Babura ko Gwiwa, abin da wuta ta cinye a Nuwamba ba ya dawowa sai wata damina, dabbobi kuwa sai su yi wata shida ko bakwai suna neman abin ci, wanda sau da yawa shi ne mafarin shiga gonakin mutane da rigimar da kan biyo baya.

Alƙaluman tashar yanayi

Hukumar Kula da Yanayi ta Nijeriya, NiMet, wadda dokar da ta kafa ta ta fito a 2003, ita ce ke da alhakin auna yanayi a ƙasar nan. Tana da tasoshi a filayen jiragen sama na Kano da Katsina, tana fitar da hasashen kowace rana, sannan a farkon kowace shekara takan fitar da hasashen damina, wanda ake fassarawa zuwa Hausa. Abubuwa huɗu ne mai bin diddigin gobara ke nema daga tasha: zafin rana, laimar iska, gudun iska da inda ta fito, da kuma ranar da aka yi ruwa na ƙarshe.

Ana auna zafi da laima ne a inuwa, cikin wani farin akwati mai tagogi da ake kafawa sama da ƙasa da kimanin mita ɗaya da rabi. Iska kuwa a tsayin mita 10 ake auna ta, a fili. Idan an ba da gudun iska da mita a daƙiƙa, sai a ninka da 3.6 domin a samu kilomita a awa. Da damina laimar iska kan haura kashi 70, amma da hunturu, lokacin da busasshiyar iskar arewa maso gabas ke kaɗowa daga Sahara ɗauke da ƙurar da yawancinta ke tasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, laimar kan faɗi ƙasa da kashi 20 da rana, wani lokaci ma ƙasa da 10.

Ya kamata jami'i ya san iyakar amfanin alƙaluman tasha mai nisa. Tsakanin Kazaure da Kano akwai kusan kilomita 80. Zafi da laima ba sa bambanta sosai a irin wannan tazara da rani, don haka ana iya dogaro da na Kano ko na Katsina. Ruwan sama da iska kuwa ba haka suke ba. Ana iya yin ruwan ƙarshe a Roni a bar Babura, kuma iskar da ke ratsa tsakanin duwatsu ta fi ta fili ƙarfi. Waɗannan biyu sai an lura da su a gida. Ga wanda ba shi da na'ura, akwai alamomin da ma'aikatan yanayi suka daɗe da amincewa da su: idan ganye da ƙananan rassa suna motsi ba tsayawa, iska tana tsakanin kilomita 12 zuwa 19 a awa, idan ta fara ɗaga ƙura da takardu, ta kai 20 zuwa 28, idan ƙananan itatuwa masu ganye suna rangaji gaba ɗayansu, ta kai 29 zuwa 38.

Haɗa alƙaluma wuri guda

Ƙasashe da dama suna haɗa waɗannan alƙaluma su fitar da lamba ɗaya ko launi ɗaya domin jama'a. Kanada tana amfani da awon tsakar rana na zafi, laima, iska da ruwan awa 24. Afirka ta Kudu tana sanar da matakai biyar masu launi, daga shuɗi zuwa ja. Mafi sauƙinsu shi ne lissafin Angstrom na ƙasar Suwidin, wanda kowane malamin gona zai iya yi da biro: a raba laimar iska da 20, a cire zafin rana daga 27 a raba da 10, a haɗa biyun. Idan amsar ta haura 4, da wuya wuta ta tashi. Idan ta yi ƙasa da 2, haɗarin ya kai matuƙa.

Mu gwada da yanayinmu. Da asubar hunturu, zafi digiri 14, laima kashi 35: amsar ita ce 3.05. Da azahar, zafi digiri 32, laima kashi 15: amsar ita ce 0.25. Wannan ya nuna a fili bambancin safiya da rana, kuma shi ne amfanin lissafin a gare mu. Amma duk wanda ya ci gaba da yin sa kowace azahar daga Nuwamba zuwa Afrilu zai tarar kusan kullum amsa ɗaya yake samu, wato haɗari matuƙa. An tsara irin waɗannan ma'aunai ne domin ƙasashen da ruwa ke zuwa yana komawa a duk shekara, inda busasshiyar rana baƙuwa ce. A wurinmu bushewa ita ce 'yar gida. Allon gargaɗin da ja yake nunawa kullum har wata shida, jama'a kan daina ɗaga kai su dube shi.

Saboda haka, da zarar ciyawa ta gama bushewa, abin da ke bambanta wata rana da wata a wannan yanki shi ne ƙarfin iska, abin da ke bambanta wani wuri da wani kuma shi ne yawan ciyawar da yadda take haɗe da juna ba yankewa. Masu bincike a Ostareliya sun ƙiyasta cewa a busasshiyar ciyawa mai yawa, cikin iska mai ƙarfi, wuta kan yi gudun da ya kai kusan kashi ɗaya bisa biyar na gudun iskar. Iskar kilomita 30 a awa ke nan tana iya tura wuta kilomita 6 a awa, wato ta fi tafiyar mutum mai sauri, balle mai kora dabbobi ko mace mai goyo. Hawan tudu ma yana ƙara mata gudu: duk ƙarin gangare na digiri 10, gudun kan ninka. Mazauna gindin duwatsun Kazaure da Roni su lura da wannan, kada a tari wuta ta sama alhali tana hawowa.

Shawarar da za ta fi dacewa da aikin ƙaramar hukuma ita ce a riƙa sanar da gargaɗi na musamman a ranakun da iska ta fara ɗaga ƙura tun da hantsi, a kuma hana kunna kowace irin wuta a daji ko gona a ranakun da ƙananan itatuwa ke rangaji. Iskar hunturu ta fi ƙarfi daga hantsi zuwa tsakar rana, daidai lokacin da ɗan sanyin dare ke barin ciyawa, don haka daga misalin ƙarfe 10 na safe zuwa la'asar ne lokacin da ya fi muni.

Yadda haɗarin ke sauyawa cikin shekara

Mutane da yawa suna ɗauka cewa watan Afrilu, da zafi ke kai digiri 40, shi ne lokacin da gobarar daji ta fi haɗari. Ga ciyawar daji, makonnin da suka fi muni su ne daga ƙarshen Oktoba zuwa Disamba. A lokacin ne ciyawa take tsaye da yawanta, ta riga ta bushe, raɓa ta ɗauke, dabbobi ba su cinye ta ba, amfanin gona kuma yana zube a fili. Zuwa Fabrairu da Maris, kiwo da yankan ciyawa da gara sun rage ta, fili ya yi tsirara a wurare da yawa, wuta ko ta tashi ba ta samun hanya. A lokacin sai hankali ya koma cikin gari, ga danga da zana da jinka da rumbu da karan da aka tara a kan bishiya ko bayan gida.

Haɗarin kan sake ɗagowa da bazara, lokacin sharar gona, musamman a Mayu da farkon Yuni, inda guguwa ko iskar da ke gaban hadari kan taso ba zato ta kwashi garwashi ta kai shi gonar maƙwabci. Mai ƙona shara ya yi ta da sassafe, a ƙananan tsibi, ya kuma tsaya har ta mutu.

Haka kuma shekaru ba ɗaya suke ba. Daminar da ta yi albarka ita ce ke barin ciyawa mai yawa, saboda haka kakar da ta biyo bayan ruwa mai yawa, irin na 2022 da 2024 da suka haddasa ambaliya a sassan jihar nan, ita ce ta fi bukatar shiri. Jami'in da ya ga kyasuwa ta kai ƙirji a makiyaya a watan Satumba ya riga ya samu hasashensa.

Taurarin ɗan'adam

Hukumar NASA ta Amurka tana da wani tsari mai suna FIRMS da ke nuna wuraren da wuta ke ci a taswira, kyauta, ga duk mai intanet, cikin kimanin awa uku da wucewar tauraro. Na'urar VIIRS, wadda aka fara harbawa a 2011, tana duban ƙasa a yankuna masu faɗin mita 375, kuma takan ratsa samanmu da misalin ƙarfe 1:30 na rana da kuma cikin dare. Wutar ciyawa kan tashi ta mutu tsakanin wucewa biyu, hazo mai kauri ma kan ɓoye ta. Don haka amfaninta ya fi yawa wajen duba baya, a gano yankunan da suka saba ƙonewa kowace shekara, ba wajen kai ɗauki ba.

Rajista, hanyar tare wuta da doka

Aikin da ya fi kowanne amfani shi ne mafi arha: littafin rajista a ofishin kowane hakimi ko malamin gona. A rubuta ranar ruwan ƙarshe a kowace gunduma. Daga nan, sau ɗaya a mako, a ziyarci wurare biyu ko uku da aka zaɓa, ba a canza su, a rubuta kashi nawa na ciyawar ya mutu, tsayinta, da ko akwai raɓa da safe. Kowace rana da azahar a ƙara zafi da laima daga hasashen NiMet, da ƙarfin iska kamar yadda aka gani a gida. Sarkin Noma da Arɗo su ne suka fi kowa sanin halin da daji yake ciki, kuma ta bakinsu da na limamai da masu shela a ranar kasuwa ne gargaɗi zai fi saurin isa ga jama'a.

Rajistar ce za ta nuna lokacin share hanyar tare wuta, wato doguwar hanya da ake nome ciyawarta a kwashe har ƙasa ta fito. A Jamhuriyar Nijar, a jihohin Damagaram da Maraɗi da Tawa, an daɗe ana yin wannan aiki kowace kaka domin kare makiyaya, faɗin hanyar kan kai mita 15 zuwa 20, ciyawar da aka kwashe kuma a adana ta domin dabbobi. Dole a gitta hanyar ga iskar arewa maso gabas, kuma a gama ta kafin rabin ciyawa ya mutu. Ga tarin dammuna ko riɗi a gona, share 'yan mitoci kewaye da shi yana rage asara ƙwarai, haka ma raba amfanin gida biyu ko uku maimakon tara shi wuri ɗaya. Ƙananan itatuwan da aka dasa ƙarƙashin shirin Babbar Ganuwar Itatuwa, wanda Jigawa ke cikin jihohi 11 da ya shafa, su ma suna bukatar irin wannan kariya, domin dashen shekara ɗaya ko biyu ba ya jure wuta.

Ta fuskar doka, ƙa'idojin muhalli na ƙasa na shekarar 2011 game da ƙona daji, waɗanda hukumar NESREA ke kula da su, sun hana cinna wa daji wuta ba tare da izini ba. Idan gobara ta tashi, a sanar da mai unguwa da ofishin 'yan kwana-kwana mafi kusa, ko a kira lambar gaggawa ta ƙasa, 112. Bayan an kashe ta, a shigar da ita cikin rajista: rana da sa'ar da ta tashi, wurin, inda iska ta fito, abin da ya tayar da ita idan an gano, abin da ta ƙone, da kuma abin da ya tsayar da ita, ko hanya ce, ko gonar da aka kwashe, ko faɗuwar iska da yamma. A aika kwafe zuwa sashen aikin gona na ƙaramar hukuma da Hukumar Ba da Agajin Gaggawa ta Jiha a Dutse.